RA'AYI: 'Yan ci-rani masu fiffike sun sauka Suleja, wa zai ƙidaya su?

Ranar Talatar makon jiya, a hanyarmu ta komawa gida, cunkoson motoci ya tsare mu tsakanin Zuba da Madalla, kamar yadda ya saba yi wa duk mai kwana a Suleja yana aiki a Abuja. Mu biyar ne a motar ban da direba, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Tawa cajinta ya ƙare tun a ofis, don haka na jingina da taga ina kallon Dutsen Zuma. Can sai ga wani ayarin manyan tsuntsaye, bayansu baƙi cikinsu fari, sun ɓullo ta bayan dutsen suna kewayawa a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, suna gangarawa kudu sannu a hankali. Na ƙirga har saba'in, lissafi ya kuɓuce mini.

Direbanmu dattijo ne. Ya leƙa ta gilashi ya ce, "Shamuwa ta yi sallama ke nan, damina ta naɗe tabarma." Wani matashi da ke zaune a gaba, mai rataye da katin wata ma'aikata a wuya, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ina suke zuwa?" Dattijon ya ce, "Wannan kuma sai ku 'yan boko, ɗana. Mu dai abin da muka taras, in ta zo a gyara gona, in ta tafi a gyara rumbu."

Na so in ba matashin amsa, sai hanya ta buɗe, kowa ya koma kan wayarsa. To ga amsar a nan. Shamuwa tana yin sheƙa a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel da damina, sannan da kaka ta tsallaka tsakiyar Afirka ta nufi gabashi da kudancin nahiyar, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda ruwa ke shirin sauka a daidai lokacin da namu ke ɗaukewa. Damina take bi, domin damina ce ke fito da fara da ƙwarin da take ci. Kuma a makonnin da take ficewa, wasu baƙin suna shigowa daga Turai da yammacin Asiya, sun gudo wa sanyin hunturu. Waɗannan su ne 'yan ci-rani na gaskiya: su zo da kaka, su yi rani a gonakinmu da fadamunmu, su koma gida da bazara.

Abin da nake so in ce wa 'yan'uwana ma'aikatan tarayya, da mataimakan masu riƙe da muƙamai, shi ne kallon waɗannan tsuntsaye da rubuta abin da aka gani aiki ne mai amfani ga ƙasa, yana da arha fiye da kowane irin bincike da muke ware wa kuɗi, kuma mu da ke kwana a Suleja muka fi kowa dalilin yin sa. Na san akwai mai dariya tun daga nan. A yi mini haƙuri in kawo hujjata.

Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke tsallako hamadar Sahara a kowace kaka. Da yawansu nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 20 ba. Kafin su taso sai sun yi kiwo sun tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, domin kitsen nan shi ne guzurinsu a tafiyar da ta haura kilomita 1,500 a kan rairayi, babu ruwa babu abinci. Yawanci da dare suke tafiya. Wanda ya tsira ya sauka a Sahel a rame, ya huta, ya ci, sannan yayin da ƙasa ke bushewa wasu su ƙara gangarowa kudu zuwa irin dajinmu na nan tsakiya, mai dogayen ciyayi da rafuka.

Ba sai an je nesa ba kafin a gan su. Daga yanzu har zuwa Maris, wanda ya tsaya inda shanu ke kiwo a bakin fadama zai ga wani ɗan tsuntsu siriri mai rawayan ciki, yana gudu tsakanin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa. Baƙo ne. A bakin ruwan Iku akwai wani mai launin ƙasa, cikinsa fari fat, yana bin gaɓa shi kaɗai yana rausayar da bindi kamar mai jin kiɗa. Shi ma baƙo ne. A gonar da aka girbe, a kan tsinin karan dawa, akwai wani ɗan ƙarami mai farar gira da ke tsayawa ƙyam, ya dira ƙasa ya cafke ƙwaro ya koma mazauninsa. Cikin tsattsewar da ke jeruwa a kan wayar lantarki da yamma, akwai tamu ta gida, akwai kuma mai jan maƙogwaro da doguwar jela mai kama da almakashi wadda ta taso daga Turai. Wasu daga cikin irinta za su wuce har tsaunukan Boje a Jihar Kuros Riba, inda suke taruwa su kwana a wuri guda da yawan da ke rufe sama. Ga kuma na cikin gida da ke sauya mazauni: shirwa da ke dawo mana da farkon rani tana bin hayaƙin ƙunar daji, da cilakowa da ke wucewa kudu jere-jere a wannan wata.

Kakanninmu sun san wannan. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana karanta zuwan shamuwa kamar yadda muke karanta sanarwar hukumar hasashen yanayi, kuma a ƙauyuka da dama ba a taɓa sheƙarta, ba a jifar ta. Maharbi ya san lokacin da dinya da kirinjijiya ke cika tabki. Makiyayi ya san balbela da carki sanin maƙwabtaka. Wanda ke cewa kallon tsuntsu al'adar Turawa ce ya manta da gidansu. Abin da Turawa suka ƙara a kai abu ɗaya ne: sun rubuta, sun sa kwanan wata, sun ajiye.

Su ma ɗin sun daɗe cikin duhu. Har ƙarni na 18 akwai malamansu da ke cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tabki ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a kusa da garin Klütz na Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta tashi, da shi ta tsallake hamada da teku. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko da labari. Daga zobe aka kai ga 'yan na'urorin da ake ɗaura wa tsuntsu a baya. Tun 2011 wata cibiyar nazarin tsuntsaye ta Ingila ke bin sawun wasu tsuntsayenta ta tauraron ɗan'adam, kuma taswirar ta sha nuna su suna ratsa Nijeriya a hanyarsu ta zuwa dazuzzukan Kwango.

Mu ma muna da gidan wannan ilimi. A dajin Amurum da ke Laminga, kusa da Jos, akwai Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, ta kuma yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Wani abu da masu bincike suka tabbatar a gonakin kewayen wurin ya tsaya mini a rai. Ɗan tsuntsun nan mai farar gira, in ya tsira da ransa ya dawo daga gabashin Turai, ba ko'ina yake sauka ba. Gonar da ya yi rani bara yake komawa, sau da yawa kusurwar nan dai da ya saba. Tafiyar dubban kilomita, amma yana da adireshi. Wannan na nufin ranar da aka mayar da gonar nan ko fadamar nan filin bulo, akwai wanda zai iso ya tarar an rushe masa masauki.

Me ya sa za a damu da ƙirga su? Ga misali ɗaya. A bazarar 1969, masu kallon tsuntsaye a Ingila, waɗanda ke ƙirgawa a gonakin garuruwansu kowace shekara, suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani bai dawo da yawa ba. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ɓace a shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano ruwa ne ya gaza a Sahel, inda tsuntsun ke cin rani. Wannan shi ne mafarin farin da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda dattawanmu ba su manta da shi ba, wanda ya kashe dabbobi ya tashi garuruwa daga Mali har Barno. Littafin ɗan fansho a Ingila ya ɗauki alamar masifar da ke tafe mana shekaru kafin manyan ofisoshin duniya su farga. Ba wata na'ura ya yi amfani da ita ba. Ya dai ƙirga bara, ya ƙirga bana, ya ga bambanci.

Yanzu mu dawo gida. Suleja gari ne da ya san ƙaura. Sarakunan Zazzau na Haɓe da suka baro Zariya a farkon ƙarni na 19 ne suka kafa shi, Abu Ja ya gina birnin a 1828, daga sunansa aka samo Abuja. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni a Fabrairun 1976, mafi yawan ƙasar daga wannan yanki aka yanka, sunan ma aka ɗauka, garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka yada zango. Da aka tare a Abuja a Disambar 1991, da kuma rushe-rushen da suka biyo baya a tsakiyar shekarun 2000, duk wanda kuɗin haya ya kora daga birni nan ya nufo. Ni ma ina cikinsu. Garin ya karɓe mu, ya ba mu wurin kwana.

Amma wurin kwanan nan daga wani abu aka yanko shi. Lokacin da na tare a unguwarmu, akwai wata fadama a bayan gidajenmu, mai rake da ayaba da 'yan kwalin shinkafa, da wani rafi da ba ya ƙafewa sai tsakiyar rani. Nan na fara kallon tsuntsaye da wani tsohon madubin hangen nesa da na saya a hannun 'yan gwanjo. A littafina na shekarar farko akwai safiyar da na rubuta iri 31 cikin sa'a biyu. Yau an yanka fadamar fuloti-fuloti, an cike ta da jar ƙasa da shara, rafin ya zama kwata mai faɗin taku biyu. Da na koma wurin makon jiya, iri 9 na gani, yawancinsu hankaka da kurciya da tattabarun mutane. Wannan lissafin mutum ɗaya ne a wuri ɗaya, ba zan kira shi bincike ba. Amma duk wanda ya shekara goma a Kwamba ko Maje ko Rafin Sanyi ko Madalla ya san irin wannan fadama, ya kuma san abin da ta zama.

Ga inda maganar ta daina zama ta tsuntsu kaɗai. Fadama ita ce makwancin ruwa. Idan sama ta zubo da yawa, nan ruwa ke bajewa ya huce kafin ya wuce. Ciyawar da ɗan baƙon nan ke farautar ƙwari a cikinta ita ce ke rage wa ruwa gudu, itatuwan da yake kwana a kai su ne ke riƙe gaɓar rafi. A Yulin 2017 ambaliya ta ci rayuka da gidaje a Suleja, ta sake dawowa a Yulin 2020. A ƙarshen Mayun 2025 mun ga abin da ya faru a Mokwa, a wannan jiha tamu, inda mutum fiye da 150 suka rasu. Kowace ambaliya da dalilanta, amma gini a kan hanyar ruwa da toshe magudanai suna cikin waɗanda hukumomi da kansu ke nanatawa duk shekara. Tsuntsun bakin rafi shi ne ke fara barin wuri idan an matse rafin. Wanda ke rubuta ɓacewarsa yana rubuta jerin wuraren da ruwa zai shiga ɗakin mutane nan gaba.

Nijeriya ba ta rasa alkawura a takarda ba. Tana cikin yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan kare dabbobi masu ƙaura tun 1987. Ta shiga yarjejeniyar Ramsar kan dausayi a farkon 2001, da tabkin Nguru a matsayin wurinta na farko, aka ƙara wasu goma a 2008, ciki har da fadamun da ke mahaɗar kogin Kaduna da kogin Neja a nan Jihar Neja. Ta kuma shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a 2004. Kowace daga cikinsu tana neman rahoto lokaci-lokaci, kuma wani daga cikinmu ne, a wani tebur a Ma'aikatar Muhalli, zai zauna ya cike shi. Mu da muka yi shekaru a aikin gwamnati mun san yadda abu ke tafiya: abin da ba shi da adadi ba ya samun fayil, abin da ba shi da fayil ba ya shiga kasafi. A takardun da ke wucewa ta gabanmu, fadama fili ce da ba a kai ga ginawa ba tukuna.

Mun riga mun ga sakamakon wannan sakaci. A kan hanyar Kaduna, dab da Suleja, akwai garin da ake kira Gauraka. A tambayi yaran makarantar garin ko sun taɓa ganin tsuntsuwar da ke da wannan suna. Gauraka mai tukku kamar zinariya, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa, ta kusa ƙarewa ƙaƙaf a dazuzzukan Nijeriya saboda kamu da bushewar dausayi, sai dai a gan ta a gidan mai kuɗi an yanke mata fiffike. Ungulu da ke cika mahautar kowane gari muna yara, a 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Babu wanda ya rubuta takardar korar su. Sun dai yi ta raguwa a gaban idonmu, muna cewa da can akwai su da yawa.

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan magana tawa, kuma ba na raina ko ɗaya.

Na farko, mai cewa mutane na fama da tsadar abinci da kuɗin mota, kai kana zancen tsuntsu. Gaskiya ne, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ni ma shaida ne. Amma ban nemi a cire kwabo daga abincin kowa ba. Sa'a biyu na nema a safiyar Asabar, da littafi da biro. Kuma fadamar da nake magana a kai ita ce ke ba mu alayyafo da tumatir da rake a kasuwa da rani. Mai noman rani da tsuntsun ci-rani wuri guda suke ci, rana guda ake tashin su.

Na biyu, manomin Kebbi ko Yobe ko Jigawa zai ce shi tsuntsu abokin gaba ne, domin ya ga yadda jan-baki ke share gonar shinkafa ko gero cikin yini guda. Da gaskiyarsa. Sai dai jan-baki ɗan gida ne, haifaffen Afirka, kuma mai cin hatsi. Yawancin baƙin da ke zuwa daga Turai ƙwari suke ci, wato suna taya manomi aiki ba tare da lada ba. Idan aka tashi jirgi ya yi feshi a makwancin jan-baki, guba ba ta tambayar sunan tsuntsu. Sanin wane ne ke ina, kuma yaushe, shi ne zai sa a kashe kuɗin feshi inda ya dace, a kuma rage ɓarna.

Na uku, murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar mummunan nau'inta a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma masu kiwon kaji sun ɗanɗana kuɗarsu. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna iya ɗauko cutar, safarar kaji kuma tana yaɗa ta daga kasuwa zuwa kasuwa. Wannan ai hujja ce ta sa ido. Idan agwagin daji suka fara mutuwa a bakin wani dam, mutumin da ke zuwa wurin duk mako shi zai fara gani, ya sanar da likitocin dabbobi, samfur ya isa cibiyar bincike ta Vom kafin cutar ta isa keji.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, wato tsaro. Mutum ya tsaya a bakin daji da asuba da madubin hangen nesa a wuya, a wannan zamani, yana neman jawo wa kansa tambaya. Ya faru da ni. Wasu 'yan sintiri sun tare ni, babbansu ya ce, "Malam, me kake leƙe?" Da na ce tsuntsu, sai ya ce, "To mu je ka yi wa mai unguwa wannan bayanin." Ban ga laifinsu ba. Na nuna littafina, aka yi dariya, aka sallame ni, kuma tun daga ranar ɗaya daga cikinsu ke ba ni labarin inda ya ga zalɓe. Darasin shi ne kada a je a ɓoye, kada a je shi kaɗai, kada a yi nisa. A fara gaida mai unguwa, a tafi mutum uku ko huɗu, a tsaya inda ake noma da kiwo. Akwai dazuzzukan jihar nan da yanzu ba sa shiguwa, har da sassan gandun dajin Kainji. Wannan ya ƙara wa 'yan guntayen fadamun da suka rage a bakin gari daraja.

To me za a yi? Ga ma'aikaci shi kaɗai, abin mai sauƙi ne. Ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, bakin rafi ko gefen gona ko ma filin makaranta mai itatuwa, ya riƙa zuwa sau biyu a wata daga yanzu zuwa Afrilu. Ya rubuta rana da lokaci da abin da ya gani. In bai san suna ba ya siffanta, ko ya tambayi manomin da ke wurin. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, ba wanda ya haddace su a shekara guda. Tun ƙarshen 2015 akwai shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar Jos ke jagoranta, wanda ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu faɗin kimanin kilomita 9, kuma 'yan sa-kai ne ke cike su ta manhajar waya irin BirdLasser. Abin da aka gani a bayan gida a Suleja yana iya shiga rumbun bayanan ƙasa kafin a karya kumallo. A Ingila, tun 1979 ake ware sa'a guda a watan Janairu kowa ya ƙirga tsuntsayen tsakar gidansa, kuma dubban ɗaruruwan mutane ke shiga. A Amurka irin wannan ƙidaya ta fara tun 1900. Ba gwamnati ce ta fara ko ɗaya ba, amma gwamnatoci suna dogara da alƙalumansu.

Ga mataimakan ministoci da na 'yan majalisa da na gwamna, ku ne ke rubuta takardar da maigida zai karanta a mota. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, na babban birni kuma suna ƙarƙashin minista. Ruwa da tsuntsu ba su san iyakar da ke tsakanin Zuba da Madalla ba. Abin da Suleja ke buƙata shi ne a auna rafukanta da fadamunta da suka rage, a fitar da su a taswira, a shata tazarar da ba za a yi gini ba a kowace gaɓa, a kuma hana bayar da takardar fili a cikinta. Wannan ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko sabon gini. Yana buƙatar sakin layi ɗaya a takardar da ta dace, da wanda zai bi ta har ta fito. Fadar Sarkin Zazzau Suleja da hakimai da masu unguwanni su ne suka san kowace fadama da sunanta, kuma sau da yawa ta gabansu cinikin fili ke fara bi, don haka da su za a fara zama.

Ga masu kula da ilimi, a bar yara su fita aji sau ɗaya a zango su je bakin rafi da malaminsu. A gayyato tsohon maharbi ko manomi ya faɗa musu sunayen tsuntsaye da Hausa da Gwari da Koro da Fulatanci, a rubuta. Sunayen nan ma suna ɓacewa, kuma yaron da bai san sunan abu ba ba zai lura da ranar da ya tafi ba.

Asabar ta biyu ta watan Oktoba ita ce Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, ana kuma maimaita ta a Mayu. A bisa al'ada za a yi taro a wani ɗaki mai sanyi a Abuja, a karanta jawabi, a ɗauki hoto. Ba laifi. Amma ina roƙon ko da mutum goma daga cikin masu karanta wannan, waɗanda ke kwana a wannan gefen na Dutsen Zuma, su fita da sassafe su tsaya a bakin ruwa mafi kusa da su. Garin da ya ba da ƙasarsa da sunansa don a gina babban birni, ya kuma ba mu wurin kwana, bai cancanci mu cinye masa fadamu mu bar shi da ambaliya ba.

Shamuwa za ta dawo wajen Afrilu, in Allah ya kai mu. Ina fatan a lokacin, idan wani matashi ya sake tambaya a mota, za a sami wanda zai zaro littafi daga aljihu ya ce masa ga ranar da ta tafi, ga ranar da ta dawo, ga kuma adadin da muka ƙirga.

Marubucin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rubuto daga Suleja, Jihar Neja.